Tankar Emma a Ƙofa ta Bakwai

Shafi na 14

Ranar Litinin ce, kuma tun da gari ya waye ruwa bai ɗauke ba a Makera. Ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne mai naci irin na Agusta, wanda zai jiƙa ka sharkaf kana cewa ai ba komai. Kwatar gaban shagon askin Oga Friday ta cika ta kawo, ledojin fiya wata na yawo a kanta.

Mutum biyu kacal aka yi wa aski tun safe.

Isaac na zaune a ƙarshen benci, laftof ɗin yayansa a kan cinya, iyafis ɗaya a kunne, ɗayan na reto. Idonsa na kan wani ɗan agogo a kusurwar allon.

Saura minti tara.

"Ɗan sama jannati," in ji Oga Friday daga kan kujerar aski, inda ya miƙe ƙafa yana kallon kansa a madubi. "Gashin nan na ƙasa, kai za ka share, ko sai an turo masu shara daga duniyar wata?"

"Yanzu, Oga."

"Yanzun nan taka ta girmi ɗana na fari."

"Minti tara kawai."

"Ranar Asabar ma minti tara ka ce. Ka bar bawan Allah da rabin kai, yana tambayata ko sabon yayi ne."

Isaac bai yi dariya ba. Oga Friday ya dube shi ta madubi, ya ɗan jima, sai ya sauke ƙafarsa.

"Yau ne ko?"

"Yau ne."

"Da ya cika nawa?"

"Talatin da ɗaya."

Oga Friday ya tashi ya ɗauki tsintsiyar da kansa.

Wata huɗu ke nan da yayansa Emmanuel ya fita aikin wayarin wuta a wajen Rido bai dawo ba. Hatsarin mota a hanyar Kachia. Ɗakinsu na haya har yanzu katifa biyu ne a ciki, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a jingine da bango. Isaac ya kasa fitar da ita, ya kuma kasa kwantar da ita.

Shekara biyu Emma yana roƙonsa ya shigo wani wasan intanet na jiragen sararin samaniya. Shekara biyu Isaac na ce masa wasan yara ne, ƙato da shi yana harbin taurari. Sai bayan an dawo daga binne shi a garinsu Kakau ya buɗe laftof ɗin yana neman hotuna, ya tarar da saƙonni sun taru. Emma ina ka shiga? Emma lafiya? Mutanen da bai taɓa gani ba. Hadassah, nas ce a Jos, ita ce shugabar ƙungiyarsu. Da Tony, mai sayar da kayan gyaran mota a Legas.

Shi ya faɗa musu Emma ya rasu. Su kuma suka ce ya zauna tare da su.

A wasan nan ba da saurin yatsa ake koyon tuƙi ba. Horo ake jerawa a layi, agogo ya yi ta ci, ko kana barci, ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare. Wani horon awa biyu ne, wani sati uku. Abin da ka jera shi za ka iya. Abin da ba ka jera ba, ko kuka za ka yi, jirgi ba zai saurare ka ba.

'Yan ƙungiyar ba sa kiran jiragen da sunayensu na Turanci. Ƙanana masu gudu, keke. Matsakaita, bas. Manyan masu ɗaukar kaya kuwa tanka, don Emma ya ce duk sanda ya ga ɗaya tana juyawa sai ya tuna layin tankokin mai na Rido.

Hadassah ta turo wa Isaac jerin horo goma sha takwas, na kwana talatin. Duk na keke ne. Wutar inji, garkuwa, saurin juyawa, ƙananan bindigogi.

Kwana huɗu ya bi jerin.

A na biyar ya goge shi kaf, ya sa horo ɗaya tak a layin. Wanda zai ba shi damar zama a kujerar tanka. Kwana ashirin da shida. Bai faɗa wa kowa ba.

Domin yau, ranar haihuwar Emma, ƙarfe huɗu ƙungiya za ta taru a wani jan tauraro da Emma ya sa wa suna Gonar Baba. Al'adarsu ce idan ɗan wasa ya rasu, kowa ya zo ya kunna fitila ɗaya a inda mamacin ya fi so, a tsaya har ta mutu. Kuma Isaac ya rantse ba a keke zai je wajen yayansa ba.

Ƙarfe uku da minti biyar wata 'yar ƙara ta yi a kunnensa.

Horo ya kammala.

Ya shiga rumbun ƙungiya, ɓangaren Emma. Tun makon farko Hadassah ta ba shi mabuɗin, ta ce kayan yayansa ne, hakkinsa ne ya riƙa gani. Gani ta ce. Ba ta ce taɓawa ba.

Ga tankar Emma nan. Doguwa, baƙa wuluk, fitilu jere a gefenta. Shekara uku Emma ya yi yana haɗa ta. Sunan da ya sa mata na sama, kamar yadda kwandasta ke kira a tasha.

SAI KAKAU.

Ya danna shiga. A karon farko ba ta ce masa a'a ba.

Nan Emma ke zama. Wannan allon yake kallo duk yammacin Lahadi bayan coci, yana cin gyaɗa, yana magana da mutanen da Isaac ke kira aljanunsa.

A ƙasan allon akwai maɓallai tara, na'urorin da Emma ya ɗaura mata. Uku ne suka yi haske. Shida sun yi duhu. Ya kai kibiya kan ɗaya.

Ba ka da horon kunna wannan.

Ya kai kan na gaba.

Ba ka da horon kunna wannan.

"Tafiya kawai zan yi," ya ce a ransa. "Ba yaƙi ba."

A gefe an rubuta cewa babban cikinta cike yake da kaya. Bai leƙa ba. Emma duwatsun ƙarfe yake haƙa, me kuma zai kasance a ciki? Ya jefa fitilarsa a ƙaramin aljihun gaba, ya fito da tankar fili.

Ƙofa goma sha ɗaya ce, irin waɗanda ake bi a tsallaka daga tauraro zuwa tauraro, tsakaninsa da Gonar Baba.

Tun a ta farko ya gane tanka ba keke ba ce. Keke kana dannawa ya juya ya ɓace. Ita kuwa sai ta yi nishi, ta karkata a hankali, kamar mota mai lodi tana son shan kwana a cikin taɓo. Ya ƙirga. Daƙiƙa arba'in da biyar kafin ta miƙe.

Ƙofa ta biyu. Ta uku. Babu kowa, sai baƙin sarari da taurari. Ruwa na ta buga kwanon shagon.

Yana ƙofa ta biyar murya ta faɗo masa a kunne.

"Auta! Ka fito, ko har yanzu kana aske kawunan tsofaffin Makera?"

Tony ne. Tun ranar farko ya laƙa masa Auta.

"Na fito, Bros."

"Isaac, sannu," in ji Hadassah. Muryarta a gajiye, da jin ta daga aiki ta sauko. "Ya Mama? Ka kira ta yau?"

"Na kira. Tana gona."

"A ruwan nan?"

"Ta ce idan ta zauna a ɗaki tunani zai kashe ta."



"To. Mu muna Gonar Baba, mu tara. Kai muke jira. Kana ina?"

"Ina hanya, Anti."

"Ka ɗauko fitila?"

"Na ɗauko."

"Yauwa, kafin in manta," in ji Tony. "Na wuce ƙofa ta bakwai ɗazu. Akwai 'yan tare hanya, su uku, sun baje kamar masu karɓar haraji. Amma keke ba matsala. Kana fitowa ka danna gudu, kafin su jefa ƙugiya ka yi nisa. Wanda dai ya shigo da abu mai nauyi, sai dai Fasto ya yi masa addu'a."

"Ka ji, Isaac?" in ji Hadassah. "Na biyar a jerinka shi ne saurin juyawa. Ai ka gama shi tuntuni."

"E, Anti."

A lokacin yana gaban ƙofa ta shida.

Ya cire hannu daga kan laftof ɗin.

Zai iya juyawa. Ƙofa biyar baya, ya ajiye ta inda ya ɗauko ta, ya hau keken kyauta da ake ba kowane sabon shiga, ya iso a makare. Ba wanda zai sani.

Sai ya tuna Kakau.

Ranar da za a ɗauki akwatin Emma daga coci zuwa kabari, ya sa kafaɗa. Wani kawunsu ya janye shi gefe. Jikinka na rawa, ya ce, bar wa manya. Aka miƙa masa hoton ya riƙe. Mutum shida suka ɗauki yayansa, shi yana gaba da hoto a firam, abin da ko yarinyar Sande Sukul za ta iya riƙewa.

Kullum ƙaramin abu ake miƙa masa.

Ya mayar da hannu. Ya wuce ta shida. Ya danna ta bakwai.

Allon ya yi fari, ya dawo.

Jajayen alamu uku. Kusa. Kusa sosai.

Ya danna tafiya. Tankar ta fara nishinta.

Ɗaya. Biyu. Uku.

"Juya mana," ya ce da ƙarfi. "Juya!"

Oga Friday ya waigo da tsintsiya a hannu.

Yana ƙirga goma sha ɗaya wani shuɗin zare ya fito daga ɗaya jirgin ya maƙale a jikinta. Injin ya mutu. Ƙugiya.

"Anti."

"Na'am?"

"Sun kama ni."

"Kai, Auta!" Tony ya fashe da dariya. "Keke suka kama? Da ƙafa kake tura shi? To ba komai, keke ne, na saya maka wani."

"Ba keke ba ne."

Dariyar ta tsaya.

"Isaac," in ji Hadassah a hankali. "Wane jirgi kake ciki?"

Harbin farko ya sauka. Allon ya girgiza.

"Isaac, da kai nake."

"Tankar Emma."

"Yesu."

Bai taɓa jin ta kira sunan haka ba.

"Tony, kwashi kowa, ƙofa ta bakwai, yanzu! Isaac, saurare ni. Kar ka firgita. Emma ya gina ta da ƙarfi, za ta iya jure minti biyar, mu kuma huɗu muke buƙata. Maɓalli na biyu, babbar garkuwa. Kunna."

Ya danna.

"Ba ya kunnuwa."

"Sake dannawa."

"Ya ce ba ni da horo."

"Ba ka da me? Shi ne na uku a jerin. To bar shi, maɓalli na huɗu, mai gyaran jiki."

"Shi ma."

"Na shida?"

Ya danna, ya sake dannawa.

"Isaac, na shida!"

"Duk sun yi duhu, Anti."

"Me ka jera a layinka kwana talatin?"

Ya dubi allon. Farin layin da ke nuna lafiyar tankar ya riga ya koma rabi.

Labulen shagon ya ɗaga, wani mutum ya shigo yana karkaɗe ruwa daga hula. "Ina yaron nan mai hannu? Shi nake so ya yi min."

"Yau hannunsa na ciwo," in ji Oga Friday. "Zauna, ni da na koya masa zan yi maka."

Isaac bai ma ji su ba. Ya buɗe akwatin magana na kowa da kowa, ya shiga rubutu da guntun Turancinsa na wanda ya tsaya a aji uku. Don Allah ku bari. Jirgin yayana ne. Ya mutu. Yau ranar haihuwarsa. Don Allah.

Ɗaya daga cikinsu ya amsa da wasu haruffa da Isaac bai taɓa gani ba. Na biyu ya turo fuska mai dariya. Na ukun bai ce komai ba.

"Muna ƙofa ta tara!" Tony na ihu. "Saura biyu! Auta, riƙe!"

Da me zai riƙe? Maɓallai uku ne gare shi. Ɗaya na haƙar dutse ne. Ya danna su duka, har na haƙar dutsen.

Layin ya koma ja.

Wuta ta kama gefen da fitilun suke. Sunan na nan a sama, SAI KAKAU, yana karkarwa.

"Emma," ya ce, bai san ya faɗa ba.

Haske ya cika allon.

Da ya washe, babu tanka. Sai tarkace na juyawa a hankali, da ɗan ƙwan da matuƙi ke tsira a ciki, ƙarami kamar ƙwayar gero a tsakiyar baƙin sarari. Jiragen uku suka matso kan tarkacen, suka ɗan tsaya, suka juya suka ɓace. Ko ƙwan ba su kula ba.

Bayan daƙiƙa ashirin jirage tara suka faɗo ta ƙofar.

Ƙarar kilifar aski kawai ake ji, da ruwa.

"Tony," in ji Hadassah. "Mayar da su Gonar Baba. Ku bar ni da shi."

"Anti, abeg, a hankali. Yaron..."

"Na ce ku bar mu."

Ɗaya bayan ɗaya sunayen suka fita daga layin magana. Saura su biyu.

"Yaushe ka goge jerin?"

"Kwana huɗu da farawa."

"Kullum ina tambayarka, kullum kana ce min e, Anti."

"Da na faɗa miki za ki hana ni."

"Ƙwarai zan hana ka!"

"To shi ya sa!" Muryarsa ta tashi, har wanda ake wa askin ya juyo, Oga Friday ya mayar masa da kai gaba. "Keke, keke, keke! Kowa keke! Kun ɗauka ban san abin da kuke nufi ba? Yaron bai gama makaranta ba, a ba shi ƙarami kar ya ɓata. A gida haka, a coci haka, nan ma da ba ku taɓa ganin fuskata ba haka! Jerin raini ne kika turo min, Anti. Yayana ne. Ni kaɗai ya bari a ɗakin nan. Laifi ne in kawo masa motarsa?"

Ta bar shi ya gama.

"Jerin raini," ta maimaita.

"E."

"Duba wayarka."

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro. Hoto ne. Bayan takardar tsarin sujada ta cocinsu, an rubuta da shuɗin biro. Lamba ɗaya zuwa sha takwas. Wutar inji. Garkuwa. Saurin juyawa.

Ya san wannan bakwai ɗin mai sanda a tsakiya. Ya san yadda layin ke gangarowa dama kamar zai faɗi.

A sama an rubuta: NA ISAAC, IN YA YARDA.

"Ba ni na rubuta ba," in ji Hadassah. "Kwafa kawai na yi. Tun Kirsimetin bara ya turo min. Sati biyu yana gyara shi, yana tambayata wanne zai fara, wanne zai biyo, don kar ka gaji ka gudu."

Isaac ya ƙura wa hoton ido.

"Ka leƙa cikin tankar kafin ka fito da ita?"

"A'a."

"Ba ka leƙa ba."

"Na ga an ce cike take. Na ɗauka duwatsu ne."

Ya ji ta ja numfashi, irin na mai shirin faɗa wa dangi abin da likita ya ce.

"Keke ne a ciki, Isaac. Goma sha biyu. Shi ya haɗa su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, daidai da jerin nan. Duk abin da ke jikinsu, da ka bi jerin, zai kunnu maka. Na ce masa Emma, sha biyu ba su yi yawa ba? Ya ce ba ki san ƙanena ba. Ba ya jin magana. Sai ya fasa goma kafin ya iya, na ƙara biyu saboda tsaro."

Ta yi wata 'yar dariya da ba dariya ba.

"Akwai kuma akwati. Ya ce ya rubuta maka wani abu a ciki."

"Me ya rubuta?"

"Ban sani ba."

"Anti, don Allah."

"Wallahi ban sani ba. Ban buɗe ba. Ba nawa ba ne."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba? Wata huɗu! Me ya sa?"

"Shi ya ce kar a faɗa maka sai ka gama jerin. Ya ce in ka san suna nan za ka tsallake layi. Da safiyar yau ya kamata jerin ya ƙare, Isaac. Ni na zaɓi ranar da na turo maka, na ƙirga kwanakin don ya faɗo ranar haihuwarsa. Niyyata in mun kashe fitilu, mu raka ka rumbu mu tara, in ce buɗe."

Ruwan ya ƙara ƙarfi a kan kwano.

"Laifina ma na ciki," ta ce. "Ni na ba ka mabuɗi. Na ga kai kaɗai ne, na ce ko kallonta zai rage maka wani abu."

"Ba za a iya dawo da su ba?"

"Ka san ba a yi."

"Ko a rubuta wa masu wasan? A ce musu kuskure ne?"

"Abin da ya ƙone ya ƙone. Tun ranar farko na faɗa maka, kar ka fito da abin da ba za ka iya rasawa ba."

Ya kalli ɗan ƙwan a allo. Shi kaɗai, babu ko tauraro kusa.

"Ƙarfe huɗu saura minti shida," in ji Hadassah. Muryarta ta sauko. "Za mu kunna fitilun. Ƙofa huɗu ce ta rage maka. Ka zo ko a ƙwan ne."

"Fitilata na cikin tankar."

"Zan ba ka tawa."

"Da wane ido zan..."

"Ba ido za mu kalla ba. Ka zo."

Ya cire iyafis ɗin ya ajiye a kan benci. Muryarta na fita ƙasa-ƙasa daga ciki, tana kiran sunansa, kamar ƙuda a kwalba.

Mutumin da aka yi wa askin ya tashi, ya duba ƙeyarsa a madubi, ya sa hula ya fita cikin ruwa. Oga Friday ya kakkaɓe ƙyallen, ya rataye, ya zo ya tsaya a kan Isaac. Ya kalli allon. Bai gane komai ba, baƙi ne kawai da ɗigo ɗaya.

"Ta lalace?"

"Ta ƙone."

"Ba a gyarawa?"

Isaac ya girgiza kai.

"To ai wasa ne, ko?" in ji Oga Friday. Ya faɗa a hankali, kamar shi ma bai yarda ba.

"Haka na riƙa ce masa."

Oga Friday ya matso. Ya dafa masa kafaɗa sau ɗaya, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon kwata.

Wani ɗan saƙo ya fito a kusurwar allon. Takardar asara. Wasan na aiko ta duk sanda jirgi ya tarwatse, da sunan komai da ke ciki, da abin da ya same shi.

Bai so ya buɗe ba.

Ya buɗe.

Tanka ɗaya, Sai Kakau. Ta ƙone.

Na'urori tara. Sun ƙone.

Fitila ɗaya. Ta ƙone.

Keke, Isaac na ɗaya. Ya ƙone.

Isaac na biyu. Ya ƙone.

Na uku, na huɗu, har na goma. Sun ƙone.

Na sha ɗaya, sunansa Na Faɗa Maka. Ya ƙone.

Na sha biyu, sunansa Wannan Kar Ka Fasa. Ya ƙone.

Akwati ɗaya, sunansa Isaac Karanta In Ka Iso.

Bai ƙone ba.

Cikin 'yan tare hanyar, na ukun nan da bai ce komai ba, shi ya ɗauka.